Wa Ya Ce Kayan Da Aka Saya Ba A Mayarwa?

Akwai wata magana da ta zama kamar doka a shagunan sayar da kwamfuta da wayoyi, tun daga Gaya har Yamai, tun daga Malanville har Kamba. Wasu sun buga ta da faransanci a ƙasan rasit, wasu sun manna ta da turanci a bango, wasu kuma ba su rubuta ba, sai ranar da ka dawo da kaya su karanto maka ita da baki: kayan da aka saya ba a mayarwa, ba a musanyawa. Mun ji ta har ta zauna mana a kai. Mutum zai sayi kwamfuta ranar Laraba, ta mutu kafin Laraba ta zagayo sau biyu, ya je shago a nuna masa wannan rubutu, ya sunkuyar da kai ya dawo gida yana cewa haka Allah ya so.

Komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, wannan babu musu. Amma ƙaddara ba ta wanke mai algus. Wannan magana ta bango kuwa ba aya ba ce, ba hadisi ba ce, ba ta cikin dokar Nijar, ba ta cikin ta Benin, ba ta cikin ta Najeriya. Ɗan kasuwa ne ya rubuta wa kansa ita don ta kare shi, mu kuma muka karɓa saboda kunya da rashin sani. Lokaci ya yi da za mu daina karɓa.

Wa ake cuta?

Ba masu hannu da shuni ba ne. Mai kuɗi yana aika a sayo masa sabuwa fil a kwali daga Dubai ko Faransa, idan ta lalace ya jefar ya sake wata. Wanda ake cuta shi ne malamin kwantaragi da ya shekara yana zubin adashi don ya sami abin da zai riƙa buga jarrabawar ɗalibai da lissafa makinsu, ya huta da bin layi a shagon buga takardu. Shi ne manomin da ya sayar da buhunan shinkafa ko rago saboda ɗansa ya sami bakaloriya, zai tafi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ko Jami'ar Dosso, wadda aka kafa a 2014 kuma aka fi saninta da fannin fasahar sadarwa, inda ɗalibi marar kwamfuta yake kamar manomi marar fartanya. Ita ce uwar da ta fasa asusu don 'yarta ta rubuta kundin kammala karatu.

Irin waɗannan mutane sau ɗaya suke iya saye. Idan kwamfutar jika 150 ta mutu, babu wata jika 150 da ke jira a ƙarƙashin katifa. Asarar kuma ba ta tsayawa kan kuɗi. Kundin da yarinya ta wata uku tana rubutawa yana tafiya tare da faifan ajiyar da ya ƙone. Makin aji guda yana salwanta ana saura kwana huɗu a raba sakamako. Yaron da aka saya wa ita yana shan faɗa a banza, ana cewa shi ya lalata ta da kallon fina-finai, alhali tun a shago ciwon yana jikinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Garin iyaka, dokoki uku

Zama a Gaya yana da daɗinsa. Kogin Kwara kaɗai ya raba mu da Malanville, Kamba ta jihar Kebbi kuma ga ta nan kusa. Shekara da shekaru kayan da aka sauke a tashar ruwan Kwatano ta gadarmu suke shigowa Nijar. Wannan ya sa mutumin Gaya yake ganin kaya iri-iri da farashi iri-iri, da sefa da naira. Sai dai abin da ya zama alheri wajen saye yakan zama tarko wajen neman haƙƙi.

Idan ka saya a Malanville, cinikinka yana ƙarƙashin dokar Benin. Idan ka saya a Kamba ko Birnin Kebbi, yana ƙarƙashin ta Najeriya. Ɗan sandan Gaya ba zai tsallaka ya kamo maka mai shagon wata ƙasa ba, alƙalin Gaya ma sammacinsa ba ya tsallaka kogi cikin sauƙi. Dokokin kasuwanci na bai ɗaya na OHADA, waɗanda Nijar da Benin suke ciki, an tsara babin cinikinsu ne don abin da ke tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa, ba don uban da ya saya wa ɗansa kayan karatu ba. Najeriya kuwa ba ta ma cikin tsarin.

Abin ya ƙara rikicewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. An rufe iyakoki, gadar ta tsaya cik. Da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, jama'a suka koma tsallaka kogi da kwalekwale, manyan motocin kaya kuma suka koma doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso. Farashi ya hau. Duk sa'ad da farashi ya hau, sai kasuwar 'yan bayan fage ta buɗe: wani ya san wani da ke kawowa daga Legas, wani ya ga hoto a WhatsApp, a tura kuɗi ta Nita ko Amana, a jira kaya a tasha. Kayan da ya zo ta wannan hanya ba shi da rasit, ba shi da shago, wani lokaci ma mai shi ba shi da suna sai lambar waya. Ranar da ta lalace ka kira, a ce maka lambar ba ta aiki.

Har ƙananan abubuwa suna nuna inda kaya ya fito. Wadda ta biyo ta Najeriya yawanci madannanta na turanci ne, masu farawa da QWERTY, alhali yaranmu da faransanci suke karatu, suna bukatar AZERTY mai haruffan faransanci. Kan cajarta mai ƙafa uku ne, ba ya shiga soket ɗinmu sai da mahaɗi. Mai sayarwa ya san duk wannan. Nawa ne suke faɗa kafin a biya?

Daga ina suke zuwa?

Mafi yawan kwamfutocin da ke kan teburan shagunanmu na hannu ne. Ofisoshi da makarantun Turai da Amurka sun yi aiki da su shekaru, suka sauke, 'yan kasuwa suka kwaso a kwantena. Babu laifi a cikin wannan. Tsohuwar kwamfutar ofis mai lafiya ta fi sabuwa mai araha ƙarko, kuma ba don kayan hannu ba da talaka bai taɓa madannai ba. Laifin yana inda ake cakuɗa mai rai da gawa.

Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 kan tashoshin ruwan Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ne ke shiga Najeriya a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma ba ya aiki. Mafi yawansu daga Turai suke, an cusa su cikin motocin hannu. Wato bola ce aka yi wa lasisin kaya. Ƙasashen Afirka sun ƙulla Yarjejeniyar Bamako tun 1991 don hana a maida nahiyar juji mai guba, amma ga shi jujin yana shigowa da sunan ciniki. Daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja da ta Alaba kaya yake watsuwa zuwa Kano da Sakkwato da Birnin Kebbi, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

Ga kuma wani sabon abu da iyaye da yawa ba su ji ba. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuma ba ta hawa kowace kwamfuta bisa ƙa'ida: a na'urorin Intel tana neman ƙarni na 8 zuwa sama, tare da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ma'ana, ɗimbin kwamfutocin da ba su cika wannan sharaɗi ba sun zama kayan fitarwa a ƙasashensu. Ina kuke zaton za su nufa? Kasuwanninmu. Za a goge su, a manna musu sabuwar takardar i5 ko i7, a ɗora musu Windows 11 ta ƙarfi da yaji, a sayar wa malamin makaranta da farashin ta zamani. Tsohuwa tana da amfaninta idan an faɗi shekarunta aka sayar da ita kuɗin tsohuwa. Ɓoye shekarun shi ne ha'inci.

Abin da addini da doka suka ce

Mu da muke alfahari da karatun Risala da Askari, ya kamata a ce mu ne kan gaba wajen sanin wannan babi. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓi: ya riƙe ko ya mayar a ba shi kuɗinsa. Sharaɗin da mai sayarwa zai gindaya cewa ya barranta daga kowane aibi ba ya amfanarsa a kan aibin da ya sani ya yi shiru. Kowane ɗalibin zaure ya san ƙissar da ke cikin Sahihu Muslim, ta mai sayar da abincin da ya sa busasshe a sama ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, da irin kakkausar maganar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa. Ya san hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika a yaudari mai saye. To mene ne bambancin wannan da kwamfutar da aka cika wa caji da safe don ta yi minti goma a gaban mai saye, alhali an san batirinta ya mutu?

Sannan aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu a ma'amala ta sauka. Amma mu sai mu ce neman rasit rashin yarda ne, wai kar a ɓata zumunci. Wane zumunci ne takarda za ta ɓata? Rigimar da ke biyo bayan rashin takarda ita ke raba 'yan'uwa.

Ta ɓangaren hukuma, kundin dokokin farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ya yi magana a fili, daga sashe na 1641: mai sayarwa ne ke ɗauke da alhakin ɓoyayyen aibin da ya hana kaya yin aikin da aka saye shi dominsa. Mai saye yana iya mayarwa ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa farashi. Idan mai sayarwa ya san aibin, har diyya tana hawa kansa. Sharaɗin shi ne a tashi da wuri, kar a yi jinkiri. Ban da wannan, Nijar tana da doka mai lamba 2015-24 ta ranar 11 ga Mayu 2015 kan ginshiƙan kare haƙƙin masu saye. Benin tana da tata tun 2007. Najeriya tana da dokar 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma bai wa mai saye damar mayar da kayan da bai cika inganci ba cikin wata 3, a gyara, ko a musanya, ko a biya shi. A ƙasashen Tarayyar Turai, inda yawancin waɗannan kwamfutoci suka fito, sabon kaya yana da garantin doka na shekara 2.

Saboda haka dokoki ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda ya san su da wanda zai tsaya a kansu. Dokar da ke kwance cikin faransanci a durowar ofis a Yamai, ba a fassara ta da Hausa ko Zabarmanci ko Dandanci ba, ba a karanta ta a rediyo ba, me za ta tsinana wa mutumin ƙauyen da ya shigo Gaya ranar kasuwa?

Hujjojin 'yan kasuwa

A yi adalci, su ma suna da abin faɗa, kuma ba dukansu ne maha'inta ba.

Suna cewa su ma a rufe suke saye, babu wanda ya ba su garanti a Legas ko Kwatano. Gaskiya ne. Amma wanda ya zaɓi sayen kaya a duhu saboda arahar sari, shi ya kamata ya ɗauki kasadar, tunda shi ke cin ribar. Idan ka sayi guda ashirin, ka zauna ka gwada su, ka ware matattu ka sayar wa masu gyara a matsayin kayan gyara, ka raba asarar kan sauran. Haka mai sayar da tumatir yake yi da ruɓaɓɓe. Ɗora asarar duka kan mutum ɗaya da tsautsayi ya kawo shagonka caca ce, kuma da kuɗin wani ake yin ta.

Suna cewa masu saye ne ke lalatawa, su dawo suna kuka. Wannan ma yana faruwa. Wutarmu ba ta da tabbas, tana ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi, janareta yana ƙona caja, zafin bazara da ƙura suna cin na'ura, yara suna zuba shayi kan madannai. To maganin wannan ai shi ne rubutaccen garanti mai iyaka: ga abin da na ɗauka, ga abin da ban ɗauka ba. Fashewar allo da shigar ruwa suna kan mai saye. Mutuwar faifai ko uwar allon ciki cikin wata guda tana kan mai shago. Takarda tana kare ɓangare biyu. Wanda ya ƙi ta, a tambaye shi me yake tsoro.

Suna cewa garanti zai sa kaya ya yi tsada, talaka ya kasa saye. Ƙarin jika biyar ko goma kan kwamfutar da za ta yi shekara uku, da asarar jika 150 kan wadda za ta yi sati biyu, wanne ya fi tsada? Magabata sun gama magana: sayen nagari maida kuɗi gida. Kuma ɗan kasuwar kirki shi ya fi kowa cutuwa da halin da ake ciki, don macuci yana karya masa farashi da kayan da bai gwada ba, jama'a kuma suna yi musu kuɗin goro.

Kafin ka ciro kuɗi

Ga abin da ya kamata kowane uba da kowane malami ya riƙe.

Ka sayi a wurin da ke da ƙofa. Shago mai mazauni a garinku ya fi hoto mai kyau a Facebook, ko da ya ɗara da 'yan jikkuna. Kar ka tura cikakken kuɗi kan kayan da idonka bai gani ba. Idan dole sai daga nesa, a sami amintacce a can ya gwada kafin a biya.

Ka tafi da wanda ya san abin, amma ba yaron shagon ba, ba kuma dillalin da ke da la'ada a cinikin ba. Ku zauna aƙalla awa guda. Mai shagon da ya ce yana sauri, ka bar masa kayansa.

Kar takardar da aka manna a jiki ta ruɗe ka. A buɗe bayanin na'ura a duba cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwarta. Idan aka ga i5-8250U, lambar 8 da ta biyo bayan layin tana nufin ƙarni na 8. Idan i5-4300U ce, ƙarni na 4 ne, na wajen 2013, komai ƙyallin murfinta. A duba RAM: a yau 8 GB shi ne daidai ga ɗalibi, 4 GB wahala ce. A duba faifan ajiya, SSD ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri da juriya. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke nuna lafiyar faifai da yawan awannin da ya yi yana aiki.

A cire caja a ga yadda batiri zai yi. Windows tana da umarnin powercfg /batteryreport wanda ke fitar da ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage masa. Idan ya sauka ƙasa da rabi, a rage kuɗin sabon batiri daga farashi. A danna kowane harafi, a gwada kowace kafar USB, da kyamara, da lasifika, da Wi-Fi. A buɗe farin shafi da baƙi a duba allo ko akwai tabo ko layi. A saurari fanka, a taɓa ƙasanta a ji zafi.

A kashe ta a kunna, a shiga BIOS. Idan ta nemi kalmar sirrin da mai shago bai sani ba, a bar ta. Haka MacBook da ke ɗaure da asusun iCloud na wani, ko Chromebook da ke kulle da sunan wata makarantar waje. Irin waɗannan suna iya kasancewa na sata, kuma mai sayen kayan sata ya san inda yake kwana. Lambar siriyal da ke ƙasanta ta dace da wadda ke ciki. Kamfanoni irin su Dell da HP da Lenovo suna da shafin da za a sa lambar a ga samfurin da lokacin da garantinsa na asali ya ƙare.

Sai babban abu, takarda. A rubuta sunan shago da lambar waya da lambar NIF idan yana da ita, kwanan wata, samfuri, lambar siriyal, ƙwaƙwalwa da RAM da faifai, sabuwa ce ko ta hannu, farashi, da kwanakin garanti da abin da ya ƙunsa. A sa hannu, a buga hatimi, mutum biyu su shaida. Ka ɗauki hoton takardar da waya tun kana shagon. Idan akwai waccan magana ta ba a mayarwa a ƙasan rasit, ka ce a soke ta a rubuta garantin a wurinta. Ya ƙi? Kuɗinka yana aljihunka tukuna, lokacin nan ne kaɗai kake da ƙarfi a kansa.

Idan ta riga ta lalace

Kar ka kai ta wurin mai gyara ya buɗe. Da zarar an kwance ƙusa ɗaya, ka ba mai shago hujjar cewa a can aka lalata ta. Ka ɗauki bidiyon matsalar, ka kwafe takardunka idan tana kunnuwa, ka koma shagon a ranar ko washegari tare da shaida. Ka faɗi abin da kake so a fili: gyara, musanya, ko kuɗi, da ranar da kake jira. Ka bi bayan maganar da saƙon WhatsApp don ta zama a rubuce. Idan za ka bar ta a shago, a ba ka takardar ajiya mai lambar siriyal, don an sha sauya RAM da faifai a irin wannan zama.

Idan ya ƙi, ka je wurin shugabannin 'yan kasuwa. Ɗan kasuwa ya fi jin kunyar abokan sana'arsa fiye da ihunka. Daga nan akwai mai unguwa da fadar sarki, waɗanda dokar Nijar ta ba su hurumin sulhu. Akwai ofishin ma'aikatar kasuwanci, akwai ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata. Idan an karɓi kuɗi an ɓace, ko an sayar maka da wani abu da sunan wani, wannan zamba ce, wurin 'yan sanda ko jandarma za ka nufa. Daga ƙarshe kotu tana nan. Wanda ya saya a Najeriya yana iya kai koke ga FCCPC.

Abu ɗaya ka kiyaye: kar fushi ya kai ka ga zagin mutum da suna a Facebook. Kana mai gaskiya sai ka koma wanda ake tuhuma da ɓata suna. Ka riƙe takardarka, ka bi matakai.

Namu laifin, da abin da ya rage mana

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu ne muke son i7 da kuɗin ƙaramar waya. Mu ne muke jin nauyin tambaya kar a ce ba mu waye ba. Mu ne idan an cuce mu muke ɓoyewa, gobe maƙwabci ya faɗa ramin da muka fito. Wasunmu ma idan suka gane ta lalace sai su goge ta su sayar wa wani, cutar ta ci gaba da zagayawa.

Malamai, ku ne kuka fi kowa damar karya wannan. Darasin lissafi yana iya ɗaukar misalin rasit da garanti. Ranar 15 ga Maris ta kowace shekara ranar haƙƙin masu saye ce ta duniya, me zai hana a ware mata awa guda a kwaleji da lise, a kawo tsohuwar kwamfuta a koya wa yara yadda ake duba ta? Ƙungiyoyin malamai da na iyayen yara da kwamitocin kula da makarantu su haɗa masu bukata a saya a dunƙule. Mai sayen guda ɗaya roƙo yake yi, mai sayen talatin shi ke gindaya sharaɗi, kuma babu ɗan kasuwar da zai ƙi rubuta garantin wata uku don cinikin guda talatin.

Limamai su taɓo babin ciniki a huɗuba da misalan yau. Gidajen rediyonmu su karanta dokar 2015 da harsunan da jama'a ke ji. Hukumomin kasuwanci na jahar Dosso su leƙa shaguna su sa a sauke wancan rubutu daga bango. 'Yan kasuwar kirki na Gaya kuma su fara da kansu, su rubuta a ƙofa cewa a nan ana gwadawa, ana ba da takarda, ana karɓar abin da ya zo da aibi. Za su ga inda iyaye za su yi layi.

Kuɗin da malami ya tara da alli, da wanda manomi ya tara da gumi, ba na banza ba ne da za a bar su a hannun sa'a. Allah ya ba mu halal, ya tsare mu da cin haƙƙin juna.